Taron tsakiyar mako: inda Kiristocin Nijar ke koyon bauta wa Allah

Mafi yawan mutanen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da ranar Lahadi suka san Kirista. A ranar ce ake jin kiɗa da waƙa daga majami'a, a ga mata cikin zane iri ɗaya, kafin azahar kowa ya watse. Amma akwai wani zama da ake yi a tsakiyar mako, ba ado, ba hayaniya, wanda masu bi da kansu ke ɗauka ginshiƙin addininsu. Shi ne binciken Littafi Mai Tsarki. A nan ne ake koya wa mutum abin da bauta wa Allah take nufi in ya koma kasuwa, ko biro, ko gona.

Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Jama'ar da ƙanƙantarta ta kai haka, a tsakiyar ƴan'uwa da maƙwabta Musulmi, ba ta iya dogara ga gado kaɗai. Dole kowane mai bi ya san abin da ya gaskata da dalilinsa, don tambaya tana jiransa a kowace majalisa.

Yadda zaman yake

Kowace ekklisiya da ranarta, amma da yawa sun zaɓi Laraba da marece. Mutanen da ke zuwa ba su kai na Lahadi ba, kuma ƙarancin nasu yana da amfani, tun da kowa yana samun damar buɗe baki. Akan fara da addu'a da waƙa ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi. Daga nan mai jagora, ko fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, sai ya faɗi sura da ayoyin da za a duba. Ana karantawa bi da bi, aya bayan aya, sannan a shiga tambayoyi: me nassin ya ce, ga wa aka rubuta shi, me kuma yake nema ga mai karatu a cikin wannan mako?

A nan ne bambancinsa da wa'azin Lahadi yake. Ranar Lahadi mutum ɗaya ke magana, saura su saurara. A wurin bincike kuwa, tela yana iya ja da malamin lakwal a kan ma'anar aya, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta kawo abin da ta hardace tun tana budurwa. Littafin na ƴan Furotesta ya ƙunshi littattafai 66, wato 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabo, don haka akan ɗauki littafi guda a bi shi har watanni. Mata suna da nasu zama a ƙarƙashin Zumuntar Mata, matasa ma haka. Ƴan Katolika kuma suna da ƙananan ƙungiyoyi na unguwa da ke taruwa a gidaje don karatu da addu'a. A ƙarshe akan kawo buƙatu: wane ba shi da lafiya, wance ta haihu, wani albashinsa ya makara. A yi addu'a, a raba wanda zai je gaisuwa, wani lokaci a tara ƴan kuɗin taimako.

Asalin al'adar

Wannan al'ada ta samo tushe tun zamanin mulkin Faransa. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, sun shigo daga Najeriya suka zauna a Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka buɗe wata tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. A wurinsu, ba a zama cikakken mai bi sai an iya karanta Littafin da ido. Shi ya sa suka duƙufa wajen koyar da karatun Hausa da baƙaƙen boko. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma wannan bugu ne ya zama allon karatu na Kiristocin farko na ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi.

Abin ya zo da riba da hasara. Manoma da mata da yawa da ba su taɓa shiga lakwal ba sun iya karatu da rubutu cikin harshensu. Amma ƴan mishan ɗin sun yi jinkiri wajen buɗe makarantun Faransanci, abin da ya rage wa ƴaƴan masu bi hanyar shiga aikin gwamnati, ya kuma jawo ƙorafi mai tsawo, kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 a kan Kiristocin Maraɗi. Wajen lokacin samun mulkin kai ne ƴan ƙasa suka kafa ekklisiyarsu, wadda aka sani da EERN, kuma makarantun Littafi Mai Tsarki na Tsibiri da Agye suka horar da fastoci da masu bishara da dama da suka riƙa jagorancin irin wannan zama.

Bauta a kasuwa da biro

Kalmar da ta fi yawo a wurin bincike ita ce hidima. Koyarwar ita ce, wanda ya ba da ransa ga Allah ba shi da wani sashe na rayuwa da zai ɓoye masa. Littafin Karin Magana, a sura ta 11, ya la'anci ma'aunin algus, kuma mai sayar da hatsi da ke zaune a wurin ya san tiyarsa ake nufi. A Bisharar Luka, sura ta 3, Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya hori sojoji su daina ƙwace su gamsu da albashinsu. Ma'aikacin duwan ko na lanfo ba ya buƙatar mai fassara masa wannan. Wasiƙar Romawa, sura ta 13, ta umurci a biya haraji, ta Yakubu kuma ta tsawata wa mai dukiya da ke danne haƙƙin ƴan ƙodago, ta ƙara da cewa bangaskiyar da ba aiki matacciya ce.

Wannan fahimta ce ta haifi ayyukan da jama'a suka fi sanin Kirista da su. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja kudu da Maraɗi, mafi yawan waɗanda suka yi jinya a cikinsu Musulmi ne. Ba a nufin kowane mai zuwa bincike ya zama waliyyi. Cikinsu akwai mai cin bashi ya ƙi biya, akwai mai karɓar na goro. Sai dai wanda ke zama kowane mako gaban mutanen da suka san sana'arsa da gidansa, da wuya ya yi ta ɓoye halinsa, domin rana ba ta ƙarya.

Ranar gwaji

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutane 10 suka rasa rayukansu, kuma ƴan sanda sun ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai. A wurare da dama Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Shugabannin ekklisiyoyi suka fito suka ce sun yafe, masu bi kuma suka ci gaba da taruwa a ƙarƙashin rumfuna da cikin gidaje kafin a sake gini. Mutanen da suka saba zama su goma sha a kan tabarma da littafi a hannu ba su rasa yadda za su yi ba da rufin ya faɗi. Yafewar ma ba a ranar aka koye ta ba, darasi ne da aka daɗe ana maimaitawa, mako bayan mako.

Abin da ke barazana

Matsalolin da ke rage wa zaman ƙarfi daga cikin gida suke. Na farko lokaci: ɗan kasuwa yana lissafin cinikin marece da zai rasa in ya rufe kanti, ma'aikaci yana fitowa biro a gajiye. Na biyu harshe: dattawa sun saba da Hausa, ƴan lakwal da baƙi daga Benin, Togo da Burkina Faso sun fi sakewa da Faransanci, har sai an yi ta fassara ko a raba zaman biyu. Na uku rarrabuwa, tun da EERN kanta ta dare gida uku, sababbin ekklisiyoyi kuma suna jan matasa da taron warkarwa da alkawarin arziki, abin da ya fi zaman tambaya da amsa armashi. Wayar hannu ta sa Littafin cikin aljihun kowa, amma karatun mutum shi kaɗai ba ya da mai gyara masa kuskure.

Ga maƙwabci Musulmi, wanda ya san darajar zama gaban malami tsakanin magariba da lisha, wannan al'ada ba baƙuwa ba ce. Hanyar auna ta ma ɗaya ce a ɓangarorin biyu: a duba tiyar mai karatun ranar kasuwa, a duba yadda yake karɓar talaka in ya zo biro da takardarsa.