Tura saƙon MIDI daga fiyano zuwa layukan manhajar kiɗa

Tura saƙon MIDI shi ne tsara hanyar da bayanan da ke fitowa daga fiyano za su bi su isa layin da ake so a cikin manhajar ɗaukar kiɗa. Layi, wanda ma'aikatan situdiyo ke kira tirak, shi ne gurbin da ake ɗaukar abin kiɗa guda ɗaya a cikinsa, kamar ganga ko sarewa ko jita. Da wannan tsari ne makaɗi ɗaya da fiyano ɗaya ke haɗa kiɗan da a da sai taron makaɗa. A Kano, yawancin kiɗan waƙoƙin finafinan Hausa da na biki da na siyasa da na begen Annabi a irin wannan hanya ake haɗa shi.

Mene ne MIDI

MIDI taƙaitaccen suna ne na Musical Instrument Digital Interface, wato ƙa'idar da kayan kiɗa na lantarki da kwamfuta ke magana da juna da ita. An fitar da ita a 1983. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan su ne suka jagoranci aikin, kuma an ba su lambar yabo ta Grammy ta fannin fasaha a 2013.

MIDI ba ya ɗauke da sauti, umarni kawai yake ɗauka. Idan makaɗi ya danna maballi, fiyano na aika lambar maballin, daga 0 zuwa 127, da ƙarfin dannawar, shi ma daga 0 zuwa 127, da lambar tashar da saƙon ya bi. Idan ya saki, sai a aika saƙon tsayawa. Abin da layin ya ajiye tamkar rubutaccen umarni ne, saboda haka ana iya kaɗa waƙa da sautin fiyano, daga baya a mayar da ita ta sarewa ba tare da an sake kaɗawa ba.

Kowace waya ta MIDI tana ɗaukar tashoshi 16. Tsohuwar wayar tana da kai mai fil biyar, kuma hanya ɗaya saƙo ke bi a cikinta, don haka kafar fita ta fiyano ake haɗawa da kafar shiga ta na'urar da ke karɓa. Fiyano na zamani kuwa da wayar USB ake haɗa shi da kwamfuta. A 1991 aka ƙara tsarin General MIDI, wanda ya jera sautuka 128 da lambobinsu, ya kuma keɓe tasha ta 10 ga ganguna.

A Kano

Harkar finafinan bidiyo na Hausa ta soma ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A cikin shekarun 1990 fiyano samfurin Yamaha PSR ya zama babban abin kiɗan wannan harka, kuma kamfanin Iyan-Tama Multimedia na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama yana cikin na farko da suka yi aiki da shi. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Daga nan ne sunan kiɗan fiyano ya bi waƙoƙin da ake kira nanaye.

Unguwar Sabon Gari, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Fagge, tana da muhimmanci ta fuska biyu. A kasuwarta da shagunan da ke kewaye da ita ake sayen kayan lantarki da na sauti, sabbi da na hannu. Kuma majami'un unguwar sun daɗe suna amfani da fiyano a waƙoƙin ibada, don haka akwai makaɗa da masu gyara da suka san na'urar. Situdiyoyin waƙa kuwa sun bazu a sassan birnin, kuma titin Gidan Zu ya yi suna da su.

Da farko a cikin fiyanon kansa ake shirya kiɗa, sannan a ɗauki sautinsa a haɗa da murya. Da kwamfuta ta wadata, sai aikin ya koma cikin manhajoji irin su Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1989, da FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda aka fi sani da tsohon sunanta, FruityLoops. Daga lokacin ne sanin hanyar saƙo ya zama wajibi ga mai koyon aikin situdiyo.

Matakan tsara hanya

Abubuwa huɗu ne ke tantance inda saƙo zai sauka.

Na farko, ƙofar shiga. Dole manhaja ta ga fiyanon a jerin na'urorinta, a kuma kunna shi. Wasu fiyano sai an saka wa kwamfuta direbansu kafin ta gane su.

Na biyu, tasha. Ana iya barin layi ya saurari dukkan tashoshi 16, ko a taƙaita shi ga guda ɗaya.

Na uku, ɗana layi. Layin da aka danna wa jan maballin shirin ɗauka shi ne ke karɓar saƙo. Idan an ɗana layuka biyu masu sauraron tasha ɗaya, duka biyun za su yi ƙara.

Na huɗu, mafita. Daga layin, saƙo na iya zuwa ga sautin da ke cikin kwamfuta, ko ya koma cikin fiyanon don a yi amfani da sautinsa na asali.

Kowace manhaja da nata fasalin. A Cubase, kowane layi yana da gurbin zaɓen mashiga da mafita da tasha a gefen hagu na allo. A FL Studio, saƙo na tafiya ne kai tsaye ga abin kiɗan da aka zaɓa a jerin kayan kiɗa, sai dai in an tsara wata hanyar. A Ableton Live, ana zaɓen na'ura da tasha a ƙarƙashin kowane layi.

Hanyoyin da aka saba

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗauka bi da bi. Makaɗi ya ɗana layin ganga ya kaɗa, ya sauke shi, ya ɗana na bes, haka har kiɗan ya cika. A nan ba a damu da lambar tasha ba, domin layi ɗaya ne ke sauraro a kowane lokaci.

Hanya ta biyu ita ce raba fiyano gida biyu. Maballan hagu su aika saƙo ta tasha ɗaya, na dama ta wata, sai hannun hagu ya riƙe bes, na dama ya bi karin waƙa da sarewa, kowanne a layinsa.

Ta uku ita ce rufi, inda ake ɗana layuka biyu da gangan domin dannawa ɗaya ta fitar da sautuka biyu a tare, kiɗan ya yi kauri.

Ta huɗu ta shafi fiyano mai rakiyar kansa, irin Yamaha PSR. Wannan na'ura tana kaɗa ganga da bes da sauran rakiya da kanta idan aka riƙe maballan hagu. A tsarin Yamaha, rakiyar tana zaune a tashoshi na 9 zuwa 16: na 9 da na 10 na ganguna, ta 11 ta bes, sauran na cikon kiɗa. Idan aka sa fiyanon ya aika su waje, aka buɗe layuka takwas kowanne da tasharsa, za a sami kowane sashe a ware. Wannan ne ke ba da damar cire gangar da ta zo da na'ura a sa sautin kalangu ko kotso a gurbinta, a bar sauran yadda suke.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Shiru: yawanci an juya wayoyin shiga da fita, ko ba a ɗana layi ba, ko fiyano na aikawa ta wata tasha layin kuma na sauraron wata.

Sauti biyu-biyu: yana faruwa idan fiyano ya kaɗa sautinsa, manhaja kuma ta dawo masa da saƙon ya sake kaɗawa. Maganinsa shi ne kashe saitin Local Control a fiyanon, wanda ke raba maballai da injin sautin da ke ciki.

Cakuɗewa: idan layi ɗaya na sauraron dukkan tashoshi, rakiyar duka za ta zube a cikinsa, sai a ji bugun ganga na fita da sautin fiyano. Manhajoji da dama na iya rarraba irin wannan ɗauka bisa lambar tasha.

Jinkiri: tazarar da ke tsakanin dannawa da jin sauti ba daga MIDI take fitowa ba galibi, daga ma'ajin sauti na kwamfuta ne. A saurin samfuri 44,100 a daƙiƙa, ma'aji mai 256 yana kawo jinkirin kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa, mai 1,024 kuwa kusan kashi 23, wanda makaɗi zai ji a hannunsa. Ana rage shi da ƙaramin ma'aji da direban ASIO.

Iyakokinsa ga kiɗan Hausa

An gina MIDI a kan matakan sauti 12 na fiyanon Turai. Kalangu kuwa da matse tsirkiya yake hawa da sauka yana kwaikwayon karin harshe, goge ma yana zamewa tsakanin matakai. Don kusantar wannan, makaɗa na amfani da ƙafar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu na fiyano. Saƙon lanƙwasa yana shafar duk abin da ke kan tashar da ya bi, saboda haka abin kiɗan da za a lanƙwasa yana buƙatar tasharsa da layinsa shi kaɗai. A jerin General MIDI babu kalangu ko kukuma ko algaita. Mafi kusa da algaita shi ne shanai na Indiya, mai lamba 112. Wannan ya sa wasu situdiyoyin ke ɗaukar sautin kayan gargajiya daga hannun makaɗansu su ɗora a kan maballai, wasu kuma su gayyato makaɗin ya kaɗa a gaban makirfo a kan layin sauti na daban.