Ganawar Neman Tallafin Gwamnati a Birtaniya: Sharuɗɗan da Ke Jiran Mai Nema da Ɗan Kasuwa

A ƙasar Birtaniya, cika takardar neman tallafin kuɗi daga gwamnati mataki ne na farko kawai, domin kuwa ba a fara biyan yawancin masu nema sai sun bayyana a gaban jami'in ofishin samar da aikin yi, watau Jobcentre Plus, an yi ganawa da su. A wannan zama ne ake tantance mutum, a kuma shimfiɗa masa sharuɗɗan da zai cika muddin yana son kuɗin su ci gaba da zuwa.

Tsarin ya samo asali ne daga tallafin masu ƙaramin ƙarfi mai suna Income Support, wanda aka fara biya a watan Afrilu na 1988. A 1996 aka ware wa marasa aikin yi nasu alawus dabam, sa'an nan daga 2001 aka wajabta wa iyayen da ke renon 'ya'ya su kaɗai halartar ganawa game da komawa aiki. Daga 2013 kuma gwamnati ta soma haɗe tallafi iri shida, har da Income Support, a cikin tsari guda mai suna Universal Credit, wanda shi ne sababbin masu nema ke shiga a halin yanzu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da Fansho.

Bayan mutum ya miƙa buƙatarsa ta intanet, akan sa masa ranar ganawa, inda zai je da shaidar ko shi wane ne, kamar fasfo, da takardar hayar gida, da bayanan asusun banki da na albashi. Ana duba ajiyarsa sosai. Wanda ya mallaki fiye da fam 16,000 ba ya cikin waɗanda suka cancanta, wanda kuma ajiyarsa ta haura fam 6,000 ana rage masa fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250 da ya ɗoru a kai.

Babban abin da ke fitowa daga zaman shi ne takardar alkawari da mai nema zai amince da ita. Ga mai lafiya wanda ba shi da nauyin reno, alkawarin kan kai ga shafe sa'o'i 35 a mako wajen neman aiki. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to haka lamarin yake: wanda ya ƙi halartar ganawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana iya zaftare masa kuɗin, ko da yake yana da damar neman a sake duba hukuncin, a ƙa'ida cikin wata guda, daga nan ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman. Bugu da ƙari, biyan farko kan ɗauki kimanin makonni biyar, kuma kuɗin da ake bayarwa kafin lokacin bashi ne da za a cire daga baya.

Ga mai sana'ar kansa, ganawar ta fi nauyi. Jami'in zai nemi rasidai, da takardun haraji, da shaidar abokan ciniki, domin ya tabbatar cewa sana'ar ita ce babban aikinsa, tana tafiya bisa tsari, kuma ana sa ran riba. Idan an amince, akan ba sabon ɗan kasuwa wa'adin watanni 12 wanda a cikinsa ake lissafi da ainihin abin da ya samu. Bayan wa'adin kuwa, gwamnati za ta ɗauka cewa yana samun aƙalla abin da ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi zai samu a sa'o'in da aka ɗora masa, ko da cinikinsa bai kai haka ba. Saboda haka watan da kasuwa ta faɗi, tallafin ba ya ƙaruwa ya cike giɓin, alhali watan da riba ta hau ana rage shi da kashi 55 cikin 100 na ƙarin da aka samu. Wannan ne ya sa masu sana'ar da cinikinta ke bin yanayi suka fi shan wahalar tsarin.

Ya kamata 'yan kasuwar Nijeriya masu 'ya'ya ko 'yan'uwa a can su san cewa bizar karatu, da ta aiki, da ta ziyara duk suna ɗauke da sharaɗin hana cin kuɗin jama'a, kuma wannan tallafi yana cikin abin da aka hana. Wanda ya karɓa alhali sharaɗin yana kansa ya karya dokar shige da fice, abin da kan iya jawo a ƙi sabunta masa izinin zama. Don haka duk mai tura ɗa karatu ko aiki, sai ya yi tanadin kuɗin haya da na abinci tun daga gida.