Boston: Wa Zai Biya Kuɗin Hidimar Birni?

A birnin Boston na Amurka, doka ta yafe wa jami'o'i da asibitocin da ba don riba aka kafa su ba harajin kadara. Amma idan gobara ta tashi a harabarsu, motocin birni ke kai ɗauki, da harajin magidanta da 'yan kasuwa.

Tun 2011 hukumar birnin ke roƙon cibiyoyin da kadararsu ta haura dala miliyan 15 su biya kashi 25 cikin ɗari na harajin da aka yafe musu. Da yake roƙo ne, wasu na cikawa, wasu na gazawa.

A ganina, yafiyar ta dace, amma kuɗin tsaro da kashe gobara da gyaran tituna ya kamata doka ta wajabta shi, domin kada nauyin ya ƙare a wuyan talaka.