Sauron Fadama da Sauron Tudu

Mu nan Dandamisa, a ƙasar Makarfi, da ruwa ya zauna sai mu fara kwana da fifita, yara kuma su soma kwanciya da zazzaɓi. Mukan ce sauro ai sauro ne. Ashe ba haka ba ne.

Sauron da ke kawo zazzaɓi sunansa Anofilis, macen ce kuwa mai cizo. A ido duk kamarsu ɗaya, amma dangi dangi ne, kowane da halin da ya gada. Wani yana zuba ƙwai a ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun shanu ko ramin tubali. Wani ya fi son ruwa mai daɗewa, irin na gonar shinkafa. Wani kuma sai bakin fadama mai ciyawa, shi ne yakan kai mu har cikin rani. Akwai mai cizon mutum da saniya duka.

An ga amfanin sanin wannan a Garki, wadda take jihar Jigawa yanzu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban bincike a can. A 1972 da 1973 aka yi ta fesa magani a bangon ɗakuna. Sauro ya ragu ƙwarai, amma cutar ba ta yanke ba.

Me ya sa? Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya duba ƙwayoyin gadon sauron da madubin likita. Ya tarar ko cikin dangi ɗaya gadon ya bambanta. Wani yakan ci ya huta a bango, magani ya kashe shi. Wani yakan huta a waje, ya tsira, ya hayayyafa. Ya kuma ga gadon yana sākewa daga kurmin kudu zuwa arewa, inda masu jure fari suka fi yawa.

Haka zancen magani yake. A 1955, a wajen Birnin Kebbi, aka sami sauron da feshin dildirin ba ya kashewa. Feshi ya share raunana, ya bar masu taurin rai suka cika gari. Yau ma masu bincike suna samun sauron arewa da ke jure maganin gidan sauro, suna kuma ganin yawan feshin gona yana ƙara masa tauri.

To, ina abin yi? Mu cike ramukan da ke bayan gida. Mu auna maganin gona, kada mu wanke tankin feshi a fadama. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, in ya yage a ɗinke, gama ko magani ya yi rauni raga tana tarewa. Yara su shiga ɗaki da wuri, saboda mai cizo a waje. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jini ran nan, kada a jira gobe.