Katin Asibitin Tsofaffinmu

'Yan'uwana mata, yau maganar tsofaffin gida za mu yi. Kun san dai in Baba ko Inna suka kwanta ciwo, mu ne masu jiyya, mu ne kuma masu sai da akuya ko hatsin da aka ajiye don biyan kuɗin magani. To, akwai hanyar rage wannan wahala, watau inshorar lafiya, wadda waɗansu ke kira taimakekeniya.

Abin ya yi kama da adashi, amma ba a kwasa. Kowa ya zuba nasa na shekara, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga cikin asusun. Wanda shekara ta kewayo bai je asibiti ba, ai sai ya gode Allah, kuɗinsa ya taimaki wani.

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Gwamnatin Tarayya ta fara nata shiri a 2005, a 2022 kuma aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa, ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Jihar Kaduna tana da tata hukuma, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018. Akwai kuma asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake biya wa marasa ƙarfi daga cikinsa a ƙananan asibitocin gundumomi. In tsohonku ba shi da abin hannu, nan za ku fara tambaya, kada kunya ta hana ku. In kuwa ma'aikaci ne mai shirin barin aiki, ya bincika tun yanzu ko katinsa zai ci gaba da aiki bayan ritaya, gama sau da yawa ba haka ba ne.

Amma ni a ganina, mu mutanen Birnin Gwari, babbar tambaya ita ce: wane asibiti aka rubuta a katin? Daga nan zuwa Kaduna kimanin mil 75 ne, ta Udawa da Buruku. Ba wadda ta manta shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, lokacin da motoci ba sa bin hanyar nan sai da rakiyar soja. An yi sulhu a ƙarshen 2024 har aka buɗe kasuwar kara, amma nisa bai ragu ba, kuɗin mota ma haka. Ɗa yana Kaduna, ya yi wa mahaifiyarsa rajista da asibitin kusa da gidansa, yana ganin ya yi abin kirki, ita kuwa tana Kuyello ko Dogon Dawa! Mai hawan jini ko ciwon suga kowane wata yana bukatar awo da magani. Ku zaɓi asibitin da jika zai iya kai ta a babur. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su ba da takardar turawa zuwa babban asibitin Jibril Mai Gwari, ko Barau Dikko a Kaduna. Ku adana takardar nan da kyau, don in babu ita ana iya ce muku ku biya da kanku.

Kafin ku ba da ko kwabo, ku tambayi malamin asibiti ko magungunan da tsohon ke sha kullum suna cikin lissafi, da aikin yanar ido, da abin da za a yi ranar da maganin ya ƙare a shagon asibitin. Ku karɓi rasit. Ku sani kuma kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai 'yan kwanakin jira, saboda haka kada a bari sai ciwo ya zo.

Ku 'yan makaranta, ga naku aiki. Ku karanta wa kakanninku takardun a hankali, ku rubuta ranar da katin zai ƙare a bangon littafinku, ku tuna wa Baba tun ana saura wata guda.