Faɗin bugu: abin da ke riƙe wutar cajarka

Cajar waya ta mota tana karɓar volt 12 ta ba da 5. Transisto ne a ciki yake kunnawa yana kashewa, a ce sau 100,000 a daƙiƙa. Kowane zagaye maikirosakan 10 ke nan, kuma lokacin da ya yi a kunne shi ne faɗin bugu. Nan kusan 4.2 ake buƙata. Ya ƙaru da 0.1 kacal, wutar da ke fita ta hau da volt 0.12. In aka tada inji batir ya kai 14, dole faɗin ya ragu zuwa wajen 3.6, in ba haka ba waya ta sha wuta.

Ni dai shawarata ga masu haɗa inbata a aikin kammala karatu, ku duba bugun a osiloskop kafin ku jona kaya. Mita ba za ta nuna muku rawarsa ba.