Marubucin da ya fito da Sarauniya daga Lugu

A yau duk ɗan Nijar ya san sunan Sarauniya Mangu. Amma kafin 1980 labarinta bai wuce bakin tsofaffin Arewa ba, can wajen Dogondutsi. A watan Afrilun 1899 ta tari sojojin Faransa, ƙarƙashin Bule da Shanuwan, a garinta Lugu, lokacin da suke tafe suna ƙone ƙauyuka. Rahotannin Turawa layi kaɗan suka ba ta.

Wanda ya fito da ita fili shi ne Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira, ya kuma sha kurkuku zamanin Kunce. Littafinsa "Sarraounia" ya fito a 1980. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Ni malamin makaranta ne, kuma a ganina nan aikin marubuci yake: ya ɗauko abin da jama'a ke gab da mantawa, ya sa masa rai. Littafin tarihi yana ba ɗalibaina shekara da sunan gari, su haddace, bayan jarrabawa su watsar. Labari kuwa, wallahi sai ka ga yaro ya tsaya yana tambaya: me ya sa wasu sarakuna suka miƙa wuya, mace ta ƙi?

Sai dai fa a yi hattara. Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, haƙƙinsa ne. Mu malamai ne ya kamata mu nuna wa yara inda tarihi ya tsaya, inda alƙalami ya ɗora.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Da Faransanci aka rubuta littafin, alhali mutanen Lugu Hausa suke yi. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. To, ina littattafan? Ƙauyuka nawa ke da tasu Sarauniyar, tsofaffin da suka san labarin suna ta tafiya? Marubutanmu, ku je ku zauna da su tun da sauran lokaci, ku rubuta da harshen da jikokinsu za su karanta.